Mashigin Nun da Tarihin Neman Bakin Kogin Kwara

1.0 Gabatarwa

A cikin watan Nuwamba na shekarar 1830 ne wasu Turawan Ingila guda biyu, wa da ƙane, wato Richard Lander da John Lander, suka fito teku ta wani mashigin ruwa da ake kira Nun, bayan sun gangaro kogin Kwara daga Busa a cikin kwalekwale. Da wannan tafiya ce masana labarin ƙasa na Turai suka sami tabbacin inda Kwara yake zuba ruwansa, al'amarin da suka daɗe suna jayayya a kansa. Abin lura a nan shi ne, kafin wannan lokaci jiragen Turawa sun yi kusan shekara 360 suna kai da kawowa a wannan gaɓa, suna jefa anga a mashiganta, suna sayen bayi da barkono da hauren giwa da manja, ba tare da sun gane cewa ruwan da ke ƙarƙashin jiragensu shi ne wanda ya wuto ta kusa da Tumbuktu ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dalilan wannan dogon jinkiri. Za a fara da yanayin mashigin da ƙasar da ke kewaye da shi, sannan a dubi mutanen wurin da tsarin cinikinsu, kafin a bi sawun Turawa daga zuwan 'yan Fotugal har zuwa shigar jiragen tururi. Ra'ayin da maƙalar ta ginu a kai shi ne, sanin hanyar kogin yana hannun al'ummomin da ke bakinsa tun da daɗewa, sai dai a rarrabe yake, kowace al'umma da yankin da ta sani ta kuma tsare. Batun ya shafi mai nazarin Hausa, domin da Sakkwato da harshen Hausa da wani Bagobiri duk sun taka rawa a ciki, kamar yadda za a gani.

2.0 Yanayin Mashigin

Tsawon kogin Kwara ya kai kimanin kilomita 4,180. Ya faro daga tsaunukan ƙasar Gini, a wurin da bai wuce kilomita 240 daga Tekun Atlantika ba, amma sai ya ba tekun baya ya nufi arewa maso gabas har bakin hamada. A tsakanin Tumbuktu da Gawo ya yi gwiwa, ya juyo kudu maso gabas ta Yamai, ya shigo Nijeriya, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja. Daga nan ya miƙe kudu ta Idah da Anaca. Kimanin kilomita 30 a kudu da garin Aboh sai ya rabu gida biyu. Reshen yamma shi ne Forcados, na gabas kuwa shi ne Nun, wanda yake tafiyar kimanin kilomita 160 kafin ya isa teku a Akassa, cikin Jihar Bayelsa ta yau. Kowane reshe ya yi ta haifar wasu rassan, har ya zama akwai mashigai kimanin 20 a gaɓa mai tsawon kilomita 450, daga kogin Benin a yamma zuwa kogin Imo a gabas. Wannan shi ne yankin da ake kira Neja Delta.

Mutumin da ya tashi a ƙasar Hausa, inda gulbi ke da gaɓa biyu bayyanannu, ya cika da damina ya janye da rani, sai ya yi da gaske kafin ya siffanta wannan ƙasa a ransa. Idan aka taso daga teku, abin da za a fara tararwa shi ne jerin tsibiran yashi marasa faɗi, waɗanda a kansu ne aka kafa garuruwa irin su Akassa da Twon da Bonny. Bayansu akwai faffaɗan kurmi na wani itace mai rayuwa cikin taɓo da ruwan zartsi, wanda Turawa ke kira mangurof. Saiwoyinsa a waje suke, sun tokare shi kamar ƙafafun gizo-gizo, kuma babu kurminsa mafi girma a Afirka kamar na Nijeriya. Ɗaruruwan ƙoramu sun ratsa wannan kurmi sun sarƙe da juna, duk kamanninsu ɗaya. Sau biyu a kowace rana teku kan tumbatsa ya tura ruwa cikinsu, sannan ya janye ya bar taɓo, saboda haka ƙoramar da ke gudu kudu da safe tana iya gudu arewa da rana. Sai an wuce wannan kurmi ne ake shiga dajin ruwan daɗi, inda kogin ke komawa kamannin kogi. Ruwan sama a bakin gaɓar yakan kusanci milimita 4,000 a shekara, alhali a Kano ba ya cika kai 1,000.

Akwai kuma shingen yashi a bakin kowane mashigi. Kogin na ɗauko laka da rairayi daga nesa, idan ya yi karo da teku sai gudunsa ya mutu ya zubar da su, igiyar ruwa kuma ta tattara su ta yi tudu a ƙarƙashin ruwa. A kan wannan tudu raƙuman ruwa ke fashewa. Ƙofar da jirgi zai bi ƙarama ce, tana kuma sauya wuri, don haka jirgi mai tafiya da iska ba ya shiga ko fita sai da jagora ɗan ƙasa, sai kuma lokacin da teku ya cika.

Daga cikin jirgi, gaɓar ba ta da tsauni ko wata alama, layin itatuwa ne kawai mai giɓi nan da can. Da yake ruwan Kwara ya rarrabu a mashigai da yawa, babu ɗaya da ya yi girman da zai sa matuƙi ya zaci bakin babban kogi ne. Ba haka abin yake a kogin Kwango ba, wanda ke fita ta baki ɗaya da ƙarfin da ke tura ruwan daɗi can cikin teku. Shi ya sa Diogo Cão, da isarsa can wajen 1482, bai yi shakkar abin da ya tarar ba.

3.0 Mutanen Wurin da Sarƙar Ciniki

Mazauna mashigin Nun da na Brass da ke gabas da shi Ijaw ne, kuma daular da ta fi ƙarfi a wurin ita ce Nembe. Ƙasarsu ba ta noma sosai, arzikinta kifi ne da gishiri. Masanin tarihi E. J. Alagoa, wanda ɗan Nembe ne, ya nuna a littafinsa na 1972 kan tarihin Neja Delta cewa tun kafin zuwan Turawa mutanen gaɓa suna kai busasshen kifi da gishiri arewa, su musanyo doya da dabbobi. Ke nan hanyar ruwa tsakanin teku da cikin ƙasa tsohuwa ce.

Sai dai ba al'umma ɗaya ke bin ta daga farko zuwa ƙarshe ba. A farkon ƙarni na 19 kwalekwalen Nembe kan hau har Aboh. 'Yan kasuwar Aboh su ɗauka daga nan zuwa kasuwannin tsibiran yashi da ke wajen Asaba, inda suke haɗuwa da Igala. Su kuma Igala su kai kasuwar Ikiri, kusa da mahaɗar Kwara da Binuwai, wadda ke ci duk bayan kwana 10. Daga nan Kakanda da Nufawa su wuce da kaya Egga da Raba, inda ayarin fataken Hausawa ke tsallake kogin. Ta wannan sarƙa kanwa da tufafin Nufe da hauren giwa da bayi ke gangarawa, gishiri da bindigogi da albarushi da yadudduka su hau. Kowane sarki yana cin riba ne daga tsayawarsa a tsakiya, don haka barin baƙo ya wuce iyakarsa daidai yake da yanke wa kansa hanyar abinci. K. O. Dike ya yi cikakken bayanin wannan siyasa ta dillanci a littafinsa na 1956.

Sunayen kogin ma shaida ne. Mandinka na ce masa Joliba, Zabarmawa Isa Beri, Hausawa Kwara, Nufawa Edu, Yarabawa Oya, Igala Ohimini, Igbo Orimili, Ijaw kuma Toru Beni. Baturen da ya tsaya a Brass ya tambayi labarin Joliba ba zai sami mai amsa masa ba, haka wanda ya tsaya a Segu ya tambayi Nun.

4.0 Zuwan 'Yan Fotugal

A shekarar 1469 Sarkin Fotugal ya ba wani attajirin Lisbon mai suna Fernão Gomes izinin mallakar cinikin gaɓar Gini na shekara 5, bisa sharaɗin kowace shekara jiragensa su binciko sabuwar gaɓa mai tsawon sama da kilomita 500. A 1471 matuƙansa suka isa gaɓar zinariya, a ƙasar Gana ta yau. Wajen 1472 suka wuce Legas da gaɓar Neja Delta, har Fernão do Pó ya isa tsibirin da aka daɗe ana kira da sunansa, wato Bioko ta yanzu. A wajen 1485 João Afonso de Aveiro ya ziyarci birnin Benin, aka kuma buɗe gidan ciniki a Ughoton.

Waɗannan matuƙa su ne suka raɗa wa mashigan sunayen da yawancinsu ke kan taswira har yau. Kogin Benin suka kira Formoso, wato kyakkyawa. Escravos na nufin bayi, Ramos rassa, Sombreiro malafa. Faffaɗan mashigin da Bonny ke bakinsa suka kira Rio Real, wato kogin sarauta, wasu kuma suka ba su sunayen waliyyan addininsu. Wannan raɗin suna da kansa ya ƙara rufe gaskiya, domin duk mai duba taswira zai ga jerin ƙananan koguna ne masu zaman kansu.

Amma kuwa alamar gaskiyar tana gabansu. Duarte Pacheco Pereira, a littafin jagorar matuƙa da ya rubuta tsakanin 1505 da 1508, ya ba da labarin wani babban gari a bakin Rio Real inda ake dafa gishiri, da kwalekwale masu ɗaukar mutum 80 da ke zuwa daga wuri mai nisan ɗaruruwan kilomita a cikin ƙasa, ɗauke da doya da bayi da shanu da awaki. Duk da haka babu wanda ya bi kwalekwalen nan ya ga inda suka fito. Dalili kuwa, buƙatar Turawa tana biya a bakin teku. An ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.5 aka ɗora a jiragen bayi daga gaɓar da ta taso daga Nun zuwa gabas, mafi yawansu ta Bonny da Kalaba, kuma dillalan gaɓa ne ke kawo su har gefen jirgi. Ga kuma zazzaɓin cizon sauro da shawara, waɗanda kan kashe ma'aikatan jirgi tun suna kan anga. Kyaftin ɗin da ya cika jirginsa ba ya da burin da ya wuce ya tsallake shingen yashi ya kama gabansa.

5.0 Ruɗanin Masana

Yayin da matuƙa ke zaune a bakin kogin ba su sani ba, masana na nemansa a cikin littattafai. Al-Idrisi, a 1154, ya siffanta wani Nilu na ƙasar baƙar fata mai gudu yamma. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya ga kogin da idonsa a tafiyarsa ta Mali a 1352 zuwa 1353, ya ɗauke shi Nilu ne mai zarcewa Masar. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ce yamma yake gudu, kuma littafinsa da aka buga a 1550 ya sa masu zana taswira suka yi ta haɗa Kwara da kogunan Sanagal da Gambiya fiye da shekara 200.

A 1788 aka kafa wata ƙungiya a Landan domin binciken cikin Afirka. Ita ce ta aiko Mungo Park, wanda ya isa kogin a Segu a watan Yuli na 1796, ya ga gabas yake gudu. Wannan ya warware matsala ɗaya ya buɗe wata: ina ya nufa? James Rennell ya ce yana ƙarewa ne a wasu tafkuna a tsakiyar nahiyar, rana ta shanye shi. Wasu suka ce Nilu ne. Park da kansa ya karkata ga cewa shi ne Kwango, ya kuma koma a 1805 don ya bi shi har ƙarshe, amma ya halaka a Busa a 1806. A 1816 gwamnatin Ingila ta aika ayari ya hau Kwango bisa wannan zato, zazzaɓi ya kashe shugabansa, James Tuckey, da mutanensa da dama.

Mutum biyu ne suka faɗi daidai, aka kuwa yi biris da su. Na farko wani Bajamushe ne, Christian Reichard, wanda tun farkon shekarun 1800 ya yi hasashen cewa tarin mashigan gaɓar Benin bakin babban kogi ne. Na biyu shi ne James MacQueen, wanda ya yi aikin kula da gonar rake a tsibirin Grenada, ya tattara bayanai daga bakin bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma, ya buga littafi a 1821 yana nuna Kwara na fita ta wannan gaɓa. Wato sanin da aka yi ta asarar rayuka wajen nemansa, wani ɓangarensa yana bakin mutanen da aka ɗaure aka fitar ta waɗannan mashigai.

6.0 Tambayar a Fadar Sakkwato

Hugh Clapperton ya ratso hamada daga Tarabulus, ya biyo ta Barno da Kano, ya isa Sakkwato a watan Maris na 1824. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓe shi da kyau, suka yi ta tattaunawa. Bello masani ne a wannan fage, domin a littafinsa Infaƙul Maisuri ya yi bayanin ƙasashen Sudan ta Tsakiya, har ya ambaci cewa a gefen ƙasar Yarabawa akwai matsayar jiragen Nasara, da kuma yadda ake sayar musu da bayin da aka kwaso daga arewa. Bisa abin da Clapperton ya rubuta, an gaya masa a Sakkwato cewa Kwara na shiga teku a wani wuri mai suna Funda. Amma taswirar da aka zana masa, wadda aka buga a Ingila a 1826, ta nuna kogin ya nufi gabas, da bayanin cewa shi ne mai isa Masar.

Masana tarihi sun fassara wannan saɓani ta hanya biyu. Wasu na ganin mai zanen ya bi abin da ke cikin littattafan Larabci ne kawai. Wasu na ganin da gangan aka karkatar da baƙon, domin labarin yadda Ingilishi suka shiga Indiya da sunan ciniki suka mallake ta ya riga ya iso Sakkwato. Abin da ya tabbata shi ne ba a bar Clapperton ya je Yawuri ko Nufe ba, aka ce masa hanyar ba lafiya. Funda kuwa, wato Panda, gari ne a arewa da Binuwai, nesa da teku. Da Clapperton ya dawo ta ruwa a 1825 ya tambayi sunan a gaɓa, bai sami wanda ya san shi ba. Ya sauka Badagiri, ya ratsa ƙasar Oyo, ya tsallake Kwara kusa da Busa, ya sake isa Sakkwato, inda ya rasu a ranar 13 ga Afrilu, 1827. Baransa, Richard Lander, ya yi yunƙurin zuwa Funda daga Kano, amma mahayan Sarkin Zazzau suka komo da shi Zariya.

7.0 Gangarowar 1830

A watan Maris na 1830 Richard Lander ya sake sauka Badagiri tare da ƙanensa John. Cikin mutanensu akwai wani dattijo Bagobiri mai suna Abubakar, wanda Turawa ke kira William Pascoe. An kama shi bawa tun yana saurayi, aka sayar da shi har ya faɗa jirgin bayi na Fotugal, sojan ruwan Ingila suka kuɓutar da shi, ya yi aiki a jiragensu. Ya raka Giovanni Belzoni ƙasar Benin a 1823, ya yi wa Clapperton tafinta har Sakkwato, ga shi kuma a tafiya ta uku. Da yake Hausa ce harshen fatauci a Borgu da Yawuri da Nufe, mutum irinsa shi ne bakin ayarin da kunnensa.

Sun isa Busa a watan Yuni, suka hau Yawuri suka dawo, suka kama gangara a ranar 20 ga Satumba cikin kwalekwalen da suka samu ta hannun sarakunan Busa da Wawa. A gaban Raba suka yi hulɗa da shugaban masu jiragen ruwa na Nufe, wanda lafazin da suka rubuta sarautarsa da shi ya nuna Sarkin Ruwa aka gaya musu. Ranar 25 ga Oktoba suka wuce mahaɗar Binuwai. A farkon Nuwamba, a wata kasuwa kusa da Asaba, kwalekwalen yaƙi suka auka musu, aka washe kayansu, na'urar nuna alƙibla da wani sashe na rubuce-rubucensu suka salwanta. Aka kai su gaban Obi Ossai na Aboh a matsayin kamammu.

Daga nan tafiyar ta fita daga hannunsu. Wani ɗan sarautar Nembe kuma babban ɗan kasuwa, wanda Turawa ke kira King Boy, ya biya Obi fansarsu, bisa alkawarin cewa kyaftin ɗin wani jirgin Ingila da ke mashigin Nun zai mayar masa da dukiyarsa har da riba. A cikin kwalekwalensa, da matuƙansa, aka ratsa da su ƙoramun da babu yadda za a yi su bi su kaɗai. A hanya suka lura ruwan ya fara cika yana janyewa, suka gane teku ya kusa. Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari, kuma kilomitocin ƙarshe na wannan bincike a matsayin kayan fansa masu binciken suka yi su.

Jirgin da suka tarar sunansa Thomas, daga Libaful, zazzaɓi ya kashe wasu ma'aikatansa ya kwantar da sauran. Kyaftin ɗinsa, Lake, ya ƙi biyan King Boy ko anini. Da jirgin ya tashi fita, ya yi kwanaki yana fama a kan shingen yashi, saura kaɗan raƙuman ruwa su farfasa shi, kafin ya sami tsallakewa a ƙarshen watan. Ta tsibirin Fernando Po da Burazil suka bi, suka isa Ingila a watan Yuni na 1831.

8.0 Jiragen Tururi da Kwinin

Sanin ƙofa daban, iya shigarta daban. A 1832 Macgregor Laird, ɗan masu ƙera jirage na yankin Libaful, ya shirya jiragen tururi biyu, aka sa musu suna Quorra da Alburkah, wato Kwara da Albarka. Richard Lander ne jagora, Abubakar ma yana ciki. Sun shiga Nun a watan Oktoba, daidai lokacin da cikar kogi ta fara sauka, Quorra ya kafe a yashi wata da watanni. Cikin Turawa 48, mutum 9 ne kawai suka tsira. Shi kansa Lander an harbe shi a Angiama, a kan reshen Nun, a farkon 1834, ya rasu a Fernando Po. Wannan hari ya nuna mutanen ƙoramun sun fahimci abin da jirgin da ke wuce su ba tsayawa yake nufi ga cinikinsu.

A watan Agusta na 1841 gwamnatin Ingila ta shigo da jirage uku, Albert da Wilberforce da Soudan, aka ƙulla yarjejeniya da Obi na Aboh da Attah na Igala, amma cikin Turawa 145 zazzaɓi ya kashe kimanin 40. A wannan ayari akwai Samuel Ajayi Crowther da J. F. Schön. Schön ya koyi Hausa ne a Saliyo daga bakin 'yantattun bayi domin wannan tafiya, kuma a 1843 ya buga littafinsa na kalmomi da nahawun Hausa, wanda ke cikin tubalan farko na nazarin harshen a rubutun boko.

Sai a 1854 aka karya lagon zazzaɓin. Likita William Baikie ya shigo da jirgin Pleiad ta Nun a watan Yuli, lokacin da ruwa ke hauhawa, ya sa Turawansa 12 shan kwinin kullum. Sun hau Binuwai fiye da inda wani jirgi ya taɓa kaiwa, suka fito bayan kusan wata 4 ba wanda ya mutu. Da tururi aka rinjayi gudun ruwa da shingen yashi, da kwinin aka rinjayi cuta. Abin da ya rage daga tsoffin katangun mashigin shi ne mutanensa.

9.0 Abin da Ya Biyo Baya

A 1886 kamfanin George Goldie, wato Royal Niger Company, ya sami izinin mulki da ciniki a kan kogin, ya kafa babbar ma'ajiyarsa a Akassa, a bakin Nun. Harajin da kuɗin lasisin da ya ɗora sun mayar da 'yan kasuwar Nembe baƙi a kasuwannin da kakanninsu ke zuwa, duk wanda ya bi tsohuwar hanya aka kira shi ɗan fasa-ƙwauri. Da koke-kokensu suka ƙi amfani, a ranar 29 ga Janairu, 1895, Sarki Koko na Nembe ya jagoranci mayaƙa sama da 1,000 suka auka wa Akassa. A watan da ya biyo sojan ruwan Ingila suka ƙona wani sashe na Nembe. Binciken da John Kirk ya gudanar ya tabbatar da cewa kukan nasu na da tushe, amma ba a mayar musu da kasuwanninsu ba. A ranar 1 ga Janairu, 1900, gwamnatin Ingila ta karɓi yankin daga hannun kamfanin, Lugard ya ɗaga tuta a Lakwaja, kuma bayan shekara 3 rundunarsa ta isa Kano da Sakkwato. Shi kansa mashigin Nun bai daɗe yana cin kasuwa ba, domin manyan jirage sun koma Forcados da Burutu, sannan jirgin ƙasa ya haɗa Kano da Legas a 1912.

10.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa abubuwa huɗu ne suka haɗu suka ɓoye wa Turai bakin Kwara: rarrabuwar kogin a mashigai masu shingen yashi, da zazzaɓi, da kuskuren da masana suka gada daga littattafai, da kuma manufar sarakunan bakin kogin ta hana baƙo wucewa. Na ƙarshen nan ba jahilci ba ne ko ƙiyayyar baƙi, domin abin da ya sami Nembe cikin shekara 65 bayan 1830 ya gaskata tsoron da suke yi. Saboda haka ya kamata a sake duba yadda ake koya wa ɗalibai cewa wane ne ya gano Kwara. Abin da ya dace a ce shi ne, a 1830 aka fara samun waɗanda suka bi kogin daga Busa zuwa teku a tafiya ɗaya suka buga labarin, kuma sun yi hakan ne da kwalekwalen Busa da Nufe da Nembe, da tafintan da ke jin Hausa. Akwai aiki a gaban manazartanmu wajen tattara tarihin irin su Abubakar na Gobir, da bin kalmomi da sarautun Hausa da ke warwatse cikin rahotannin waɗannan matafiya, domin su ma hujja ce ta iyakar inda harshen ya kai a bakin kogin a farkon ƙarni na 19.